Yadda Kawu Sayibu Ya Tayar da Yidana

Kawu Sayibu yayan mahaifiyata ne. Mahauci ne a kasuwar Tamale, yana zaune a Tishigu, a gidan da kakansa ya gina lokacin da ya gaji da koro shanu zuwa Kumasi ya ce shi kam a nan zai tsaya. Shekarunsa saba'in da uku yanzu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa ya kusa kai kansa kauri. Idan ya miƙo maka hannu za ku gaisa, za ka ji yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, bayan hannun kuma ya yi tudu. Da hagu yake sara, da hagu yake yanka. Cin abinci da gaisuwa kaɗai ya bar wa dama.

Dambe gado ne a gidansu. A zamanin da, bayan Babbar Sallah, mahautan zango sukan share fili a bayan kwata, a kira masu kalangu, samari su naɗe hannu da zare su gwada ƙashi. Yana ɗan shekara goma sha biyu babansa ya fara ɗaure masa hannu, ya ce masa, "Kada ka rufe ido in naushi ya taho. Wanda ya rufe ido sau biyu ake dukansa."

Da ya zama saurayi sai damben zamani ya ja hankalinsa. Wani tsohon soja da ake ce wa Saje Mamudu ya rataye buhun yashi a jikin darbejiya a Gumbihini, yana koya wa samari. Safar dambe saiti biyu ke gare shi, an yi ta ɗinke su har ba a gane asalin fatar. Babu robar kare haƙori, ɓawon lemo suke cusawa a baki. Bayan sallar asuba su yi gudu a kan hanyar Savelugu, ƙafa babu takalmi, su dawo kowa ya kama sana'arsa. Kawu yakan ɗauki cinyar sa a kafaɗa daga kwata zuwa kasuwa, da la'asar kuma ya koma gindin darbejiya.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ku mutanen da ƙarfe ne."

Ya yi tsaki. "Wane ƙarfe? Jalila, ban taɓa shiga fili ba sai na zagaya baya na yi amai. Tsoro muke ji kamar kowa. Sai dai in an buga ƙararrawa, ba ka da wurin ajiye shi, dole ka shiga da shi."

A shekarar 1976 aka haɗa shi da Yidana, wani Badagombe daga Gbalahi, manomi, dogo, wanda da kaka yake lodin buhunan shinkafa a manyan motoci. A filin wata sinima aka yi, da la'asar, mutane har kan katanga. Turmi shida aka tsara. A turmi na biyu Kawu ya sako dama da duk ƙarfinsa, Yidana ya sunkuya, naushin ya sauka a tsakiyar kai. Kawu ya ce ya ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Da ya dawo kusurwa, Saje Mamudu ya taɓa hannun, ya ga yadda fuskarsa ta canza, ya ɗauki tawul zai jefa.

"Saje, in ka jefa tawul ɗin nan, ba ni ba kai har abada."

Turmi huɗu ya yi da hannu ɗaya. Yidana ya gane, kuma bai saurara masa ba, don ba wasan yara suka zo yi ba. Ya dake shi a haƙarƙari, ya dake shi a fuska har idon hagu ya rufe. Kawu ya yi tangal-tangal ya fi a ƙirga, amma gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Da aka tashi, alƙali ya ɗaga hannun Yidana. Hannun Kawu kuwa ya kumbura har safar ta ƙi fita, sai da aka aro wuƙa wurin mai tsire aka farke ta. Yakan ce ya ga hawaye a idon Saje ranar, amma har gobe bai sani ba ko hannun yake yi wa ko safar.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashin ya haɗe a karkace. Daga nan dambe ya ƙare wa Kawu yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Ya auri Mma Safiatu, suka haifi 'ya'ya shida, ya gaji teburin babansa a kasuwa. Yidana ya je Ankara, babban birnin ƙasar, ya yi wasa uku ko huɗu, ya dawo gona. Idan sun haɗu a jana'iza ko a kasuwa, ɗaya ya ce "Dasiba," wato ina kwana da Dagbanci, yaren su Yidana, ɗaya ya amsa "Naa," kowa ya wuce. Ba gaba suke yi ba, ba kuma abota ba.

Bara waccan, wata Asabar da hantsi, na tsaya a teburinsa sayen nama. Ni malamar firamare ce, Asabar kaɗai nake samun shiga kasuwa. Sai ga wata mata mai kamar shekaruna ta zo ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, sunana Latifatu. Ni 'yar Yidana ce, na Gbalahi."

Kawu ya ajiye wuƙa. "Ya rasu ne?"

"Da ransa. Amma wata huɗu ke nan da ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibiti sun ce in zai riƙa motsa jiki, akwai alamar zai tashi. Ya ƙi. Ya juya wa bango fuska. Liman ya zo, ƙannensa sun zo, kowa ya yi magana ya gaji."

"To 'yata, ni me zan yi? Ni mahauci ne, ba likita ba."

"Tun muna yara yake ba mu labarinka. Yana cewa mutum ɗaya ya taɓa duka har hannuwansa suka gaji, mutumin bai faɗi ba. Na san halin babana. Zai iya kwanciya a gaban kowa, ban da kai."

Kawu ya daɗe yana korar ƙuda daga kan nama. Can ya juyo gare ni. "Jalila, akwai mai a motonki?"

Ya bar wa ɗansa Abdul-Baki tebur, na goya shi a bayan babur ɗina muka bi Latifatu. Gidan Yidana yana can gefen gari, inda gonaki suka fara, da mangwaro babba a ƙofa. Latifatu ta shiga ta faɗa masa. Muka jiyo muryarsa a hankali, harshen ya yi nauyi. Da Hausa ya yi maganar don mu ji, Hausarsa irin ta kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ka ce masa ya tafi."

Kawu ya leƙa ta bakin ƙofa, ya ja da baya. Na ɗauka tafiya za mu yi. Sai ya jawo benci ya ajiye daidai ƙarƙashin tagar ɗakin, ya zauna. Dattawan unguwa uku da ke gindin mangwaro suka matso gaishe da baƙo. Da suka ji sunansa, ɗaya ya ce, "Kai ne Sayibu na sinima?"

"Ni ne," in ji Kawu, ya ɗaga murya kamar mai tallan nama. "Ai har yau mutane ba su san gaskiyar abin da ya faru ba. Alƙalin nan surukinsa ne. Sau biyu na kai Yidana ƙasa, alƙali ya ce santsi ne. Naushinsa kuwa, wallahi da a ce... to, kada in rantse. Kamar ana kaɗe tabarma, haka nake jin sa."

Dattawan suka dubi juna. Kawu ya ci gaba, yana haɗa Hausa da Dagbanci, ƙarya tana bin ƙarya. Ya ce Yidana ya roƙe shi a kunne ya sassauta masa. Ya ce bayan wasa sai a amalanke aka kai shi gida.

"Ƙarya!"

Kalmar ta fito daga cikin ɗakin a karkace, amma ta fito da ƙarfi har kaji suka watse. Latifatu ta dafe baki. Wata huɗu ba ta ji muryar ubanta ta wuce bakin ƙofa ba.

"Wa ke magana?" in ji Kawu. "Mai magana ya fito ya faɗa a gaban jama'a mana."

Bai fito ba ranar. Muka kama hanyar komawa har muka wuce gidan mai. Sai na ji ya jingina goshinsa a bayana. "Jalila, mutumin nan sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Kin ga abin da ya rage a kan katifar?" Can kuma ya ce, "Allah ya yafe mini ƙaryar da na zuba yau. Talata ma sai na ƙara."

Talata ya hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya koma shi kaɗai. Asabar na sake kai shi. Muna isa muka tarar an fito da Yidana a kan kujerar roba, an tokare shi da filo. Shi ya sa aka fito da shi, ya kuma sa aka aske masa gemu aka saka masa batakarinsa mai kyau, rigar saƙin nan ta Dagomba. Suka kalli juna. Babu gaisuwa.

"Surukina... ba alƙali ba ne," in ji Yidana, yana jan kowace kalma. "Mai... gyaran keke ne."

Dattawa suka fashe da dariya. Kawu ya matso ya buɗe tafin hannunsa na hagu a gaban Yidana. "To nuna musu naushin."

Yidana ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a kan cinya. Kafaɗar ta ɗan motsa, hannun bai tashi ba. Kowa ya kawar da kai, har ni. Kawu bai kawar ba.

"Kana da wani ai. Ni turmi huɗu na yi da hagu."

Yidana ya dunƙule hagu ya sako. Tas! Kawu ya yarfe hannu, ya ce ba laifi. Sa'an nan ya kama mataccen hannun da nasa karkataccen, ya ɗaga shi a hankali ya ɗora a kan tafinsa. "Yau ni na kawo shi. Wata rana kai za ka kawo shi da kanka."

Daga nan aka fara. Talata da Asabar Kawu yana Gbalahi. Sai dai Kawu hanya ɗaya ya sani, ta Saje Mamudu, wadda babu tausayi a cikinta. In Yidana ya ce ya gaji, sai ya ce a ƙara goma. A mako na bakwai ya tayar da shi tsaye, ya ce, "Tsaya da kanka," ya sake shi. Yidana ya tsaya kamar numfashi biyu, ƙafar dama ta lanƙwashe, ya faɗi a kan bakin benci. Goshinsa ya fashe, jini ya wanke masa fuska. Allah ya taimaka babu karaya, amma sai da aka yi masa ɗinki.

Latifatu mai ladabi ce, amma ranar ta tsaya a gaban Kawu. "Baba, ni na je na kira ka. Amma babana ba buhun yashi ba ne."

Kawu ya juya ya tafi. Kwana goma bai je Gbalahi ba. A kasuwa ya daina raha, a gida ya rage cin tuwo. Mma Safiatu ce ta gaji da ganinsa haka, ta ce, "Maigida, da hannunka ya karye, wurin Saje ka je ko wurin mai ɗori? Kowane aiki da masu shi. Je ka tambaya."

Ni na raka shi asibiti, ɓangaren masu gashin ƙashi. Wadda ke duba Yidana wata budurwa ce mai suna Shamsiya, ba ta wuce sa'ar babbar jikarsa ba. Muka jira layi ya ragu. Kawu, wanda duk kasuwa ba mai ɗaga masa murya, ya zauna a ɗan benci ya haɗa gwiwoyi ya ce, "'Yata, na yi ɓarna. Na zo koyo."

Ta saurari labarin duka, ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce abin da ya yi na fito da mutumin daga ɗaki, su da karatunsu sun kasa. Sa'an nan ta nuna masa aikin. Ya riƙa tsayawa a ɓangaren da ya shanye. A ɗaura wa majinyaci zani a ƙugu a riƙe ta baya. Kada a tayar da shi sai ya iya zama daram ba tare da jingina ba. In fuskarsa ta canza ko numfashi ya yi sama, a tsaya, ko da an ce goma za a yi an yi uku.

"Ko da shi ya ce a ci gaba?" in ji Kawu.

"Musamman ma in shi ya ce a ci gaba, Baba. Na ga alamar ku biyun kanku ɗaya."

Sau huɗu ya koma wurinta, yana kallon yadda take yi da sauran marasa lafiya. Sai da ya tabbata ya iya, sannan ya ce in kai shi Gbalahi. Ya sami Latifatu a madafa ya ba ta haƙuri, ya faɗa mata inda ya je. Sannan ya je gaban Yidana, wanda ke zaune da tabon ɗinki a goshi.

"Yidana, na kayar da kai. Ka yafe mini."

Yidana ya dube shi. Gefen bakinsa mai lafiya ya fara motsi. "Shekara arba'in da bakwai... kana nema. Sai yanzu ka samu."

Dariyar da suka yi ranar har sai da Latifatu ta fito da ludayi a hannu ta ga ko lafiya.

Mijin Latifatu ya kafa sanduna biyu dogaye, daga gindin mangwaro zuwa jikin katanga, daidai ƙugu, yadda Shamsiya ta kwatanta. A nan Yidana ya yi takunsa na farko, Kawu na dama da shi, ya naɗe zanin ƙugun a hannu. Taku uku ne. Bayan wata ɗaya ya kai katanga. Akwai ranakun da ƙafar take ƙi, Yidana ya yi ta zagin ta da Dagbanci, ya ce shi ya daina. Kawu ya koyi yin shiru a irin waɗannan ranaku. Sai ya zauna kusa da shi su yi ta lissafa samarin da suka yi dambe tare, wane ya rasu, wane yana Yendi, wane ya makance. A haka Kawu ya ji abin da bai taɓa sani ba. Ashe naushin da ya karya masa hannu ya sa Yidana ganin mutum biyu a gabansa har aka tashi wasa, kuma kwana uku yana amai a gida bai faɗa wa kowa ba.

"To wanne kake duka a cikin biyun?" in ji Kawu.

"Duka biyu. Ba wanda ya faɗi."

A wata na tara da fara aikin, wata Juma'a, Yidana ya taka da sanda daga gida zuwa masallacin unguwa. Tafiyar da yaro zai yi kafin a gama kiran sallah, su sai da suka yi kusan rabin awa. Mutane suka tsaya a bakin hanya, ba wanda ya wuce su. Kawu bai riƙe shi ba, yana dai tafe a damansa, hannu a buɗe. Ni da Latifatu muna daga nesa, tana ta share ido da bakin mayafi.

Hannun daman bai dawo duka ba, kuma Shamsiya ta ce da wuya ya dawo. Yana ɗaga shi har kafaɗa, yana riƙe kofi in ba a cika ba. Magana ta warware sosai, sai in ya gaji take nauyi.

Labari ya bazu. Mma Maltiti ta maƙwabta, wadda ciwon ya kama shekara biyu kafin Yidana, ta sa aka ɗauko ta aka kawo ta gindin mangwaro. Sai wani tsohon direba mai suna Sidiki. Yanzu su bakwai ne. Kawu ba ya karɓar kowa sai ya je asibiti an duba shi tukuna, Shamsiya kuma takan zo sau ɗaya a wata ta gyara musu abin da suke yi ba daidai ba. Yidana ne mai tsawa a wurin. In wani ya yi kasala, shi ke ɗaga sanda, Kawu kuma shi ke cewa a bar mutum ya huta.

Asabar ɗin da ta wuce muka isa da safe, ƙasa a jiƙe don an kwana ana ruwa. Mutum shida suna zaune, kujerar Yidana babu kowa. Na ga Kawu ya sauka daga babur da sauri fiye da yadda ya saba. Kafin ya tambaya, Mma Maltiti ta nuna bayan gida da haɓa.

Muka zagaya. A 'yar gonar bayan gida, mijin Latifatu yana gaba yana sara rami da fartanya, Yidana na biye. Ya rataya ƙwaryar iri a wuya, sandarsa a ƙarƙashin hammata. Ya jefa masara uku a rami, ya jawo ƙasa da ƙafar dama ya rufe, ya dafa sanda ya matsa gaba. Sun riga sun yi kunya biyu.

"Yidana, ana jiran ka," in ji Kawu.

"Yau ba ni da lokacinku. Ƙasa ya sha ruwa, in na bari gobe ya bushe."

Kawu ya tsaya yana kallon ƙafar, har Yidana ya rufe rami huɗu. Ya ce wa surukin, "In ka ga yana haki, ka zaunar da shi, kada ka saurari bakinsa." Sannan ya koma gindin mangwaro, ya ɗaura wa Sidiki zani a ƙugu, ya tsaya a hagunsa, ya ce, "Bismillah. Da wace ƙafa muka fara rannan?"